Wane Sarkin Gobir Ɗin? Bin Sawun Mutum a Tsofaffin Jaridu da Takardun Asali

'Yan uwana ɗalibai, ga wata 'yar jarrabawa da ba ta da maki. Ka faɗi sunan mahaifinka, sannan na kakanka, sannan na mahaifin kakan, ka yi ta hawa har inda ka cije. Da yawanmu a hawa na uku muke tsayawa, mu fara sosa ƙeya. In aka ce mu koma ɓangaren uwa kuwa, abin ya fi muni. A da wannan ba wata matsala ba ce, domin akwai tsohuwa a ƙuryar ɗaki wadda ta riƙe komai a ka, ko yaushe ka so sai ka tambaya. Yanzu a ƙasarmu ta gabashin Sakkwato, wato Sabon Birni da Isa da kewaye, tsofaffin sun watse. Wasu suna Sakkwato a gidajen dangi, wasu sun tsallaka Gidan Rumji da Maraɗi, wasu sun riga mu gidan gaskiya a garin da ba nasu ba. Adakar da ake ajiye takardu kuwa, wanda ya fita da gudu cikin dare ba ya waiwayarta. Ranar da aka koma gida, in Allah ya yarda, za a yi maganar iyakar gona, da rabon gado, da takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, kuma duk tambaya ɗaya ce ke ƙarƙashinsu: kai ɗan wane ne, kuma da me za ka nuna?

Ni ɗan Gangara ne a ƙasar Sabon Birni, kuma furojet ɗina na wannan shekara ta ƙarshe a kan tsofaffin jaridu yake. Abin da zan bayyana a nan shi ne yadda ake neman mutum ɗaya a cikin takardun da, da dalilin da ya sa wanda ya shiga neman da sunan da ake kiran mutumin a gida yake fitowa hannu rabbana. Takarda ba ta san wannan sunan ba. Tana da nata.

Mu ɗauki mutumin da ba wanda bai san shi ba a Arewa. In ka buɗe takardun makaranta na shekarun 1920 kana neman Ahmadu Bello, ba za ka gan shi ba. A Kwalejin Katsina Ahmadu Raba ake ce masa, da sunan garin da aka haife shi. A 1934 aka ba shi hakimcin Raba, a 1938 aka naɗa shi Sardauna aka tura shi Gusau, daga nan jaridu suka koma kiransa da sarautar. Shekarar haihuwarsa ma wasu littattafai 1909 suka rubuta, wasu 1910. To, wannan fa Firimiyan Jihar Arewa ke nan, jinin Shehu, wanda aka yi littattafai a kansa. Ina ga kakana da kakanka, masu noman gero da kiwon awaki a bakin gulbi?

Al'adar sa wa yaro sunan garinsu a makarantar boko ita ta ba mu Shehu Shagari da Aminu Kano da Sa'adu Zungur da Umaru Ali Shinkafi. Tana da amfani, don tana nuna maka inda za ka dosa. Tana kuma da illa, don ta shafe sunan uba. 'Yan uwa biyu ciki ɗaya, in ɗaya ya shiga makaranta daga gidan kawunsa a wani gari, sai su fito da sunaye biyu da ba abin da ya haɗa su. A gida kuma ga alkunya. Mace ba ta faɗin sunan mijinta, ba ta faɗin na ɗan farinta, suruka ba ta faɗin na surukinta, saboda haka sunan yanka yakan nutse, laƙabi ya taso. Usman ya zama Shehu, Abubakar ya zama Garba ko Buba, Umaru ya zama Sanda, Muhammadu ya zama Mamman ko Bello ko Sani. Wani sunan rana ne ya bi shi har kabari, Ɗanjuma ko Ɗanladi ko Ɗantala. Wani kuma da sunan uwarsa ya shahara, kuma wannan ba baƙon abu ba ne a Gobir: wanda ya kafa Sabon Birni a rabi na biyu na ƙarni na 19, bayan ya rabu da 'yan uwansa na Tsibiri, da Ɗan Halima duniya ta san shi. Don haka aikin farko, tun kafin ka taɓa takarda ko ɗaya, shi ne ka tara duk sunayen da mutumin ya taɓa amsawa. Na yanka, na alkunya, na wasa, na sana'a, na sarauta in akwai, da wanda abokansa na cin rani suke kiransa. Kowane ɗaya ƙofa ce daban.

Sai tarkon da ya fi kama mu, mu Gobirawa. Ka ga jarida ta 1950 da wani abu ta ce Sarkin Gobir ya yi kaza, sai zuciyarka ta buga, ka ce ga namu. Dakata tukuna. Wane Sarkin Gobir ɗin? Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, inda aka kashe Yunfa, da yaƙin Gawakuke a 1836, inda Sarkin Gobir Ali ya faɗi, sarautar ta rarrabu. Akwai Sarkin Gobir a Tsibiri kusa da Maraɗi, garin da Mayaƙi ya kafa bayan Gawakuke. Akwai a Sabon Birni. Akwai a Isa, wanda gidansa na zuriyar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne. Akwai a Gwadabawa, gidan Maiturare. Akwai a Madawa cikin Nijar. Akwai a Kalgo ta ƙasar Gwandu, sarautar da Yahaya ya riƙe kafin ya zama Sarkin Gwandu a 1938. Har Ilori, garin taubasanmu Yarbawa, akwai gidan Sarkin Gobir. (Su dai ba su rabuwa da iyayen gidansu, ko ina muka je sai sun ba mu masauki.) Editan da ke zaune a Zariya ko Kaduna sau da yawa ba ya damuwa ya bambance, shi dai ya rubuta sarautar ya wuce. Kuma kada ka ce matsalar mutanen da ce. A watan Agusta na 2024, da labarin rasuwar Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya fito bayan 'yan bindiga sun sace shi, Allah ya jiƙansa, wasu jaridun Turanci sun kira shi sarkin Gobir baki ɗaya, wasu hakimin Gatawa. Ɗalibin da zai zo bayan shekara hamsin yana karanta su zai iya ɗauka mutum biyu ne. Maganin wannan shi ne ka karanta labarin gaba ɗaya, ka duba wane Di'o aka ambata, wace kasuwa, wane gulbi, su wa suka raka shi. Abokan tafiyar mutum sun fi sarautarsa nuna ko shi wane ne.

Sunan gari ma haka. Gangara tamu ba ita kaɗai ba ce: akwai Gangara a ƙaramar hukumar Giwa ta Jihar Kaduna, akwai a jihar Maraɗi, akwai a ƙasar Tanut ta jihar Damagaram. Sannan ga rubutun baƙi. Clapperton, Baturen da ya iso wurin Bello a 1824, Goober ya rubuta, Sakkwato kuma Sackatoo. Barth da Faransawa Gober suke rubutawa. A takardun Faransa Tsibiri ta zama Tibiri, Madawa ta zama Madaoua, Gidan Rumji ta zama Guidan Roumdji, Mamman ya zama Mamane, Usman ya zama Ousmane. Haruffan nan masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, sai a shekarun 1930 suka zauna a rubutun boko, kuma injin tafireta na ofis bai da su. Wannan yana da muhimmanci musamman in kana nema a kwamfuta, don ita ba ta da hankalin da za ta gane cewa Alkalawa da Alƙalawa da Alkalaoua gari ɗaya ne. Abin da ka buga shi za ta nemo. Ka rubuta kowane suna ta hanya huɗu ko biyar, ka gwada su ɗaya bayan ɗaya.

Yanzu shekara. Jarida ba ta da amfani in ba ka san wace shekara za ka buɗe ba, don tsofaffin jaridunmu ba su da fihirisar sunaye. Shafi shafi ake bi, da ido. In ka ce za ka karanta shekara talatin don neman mutum ɗaya, za a yaye ka daga makarantar nan ba ka gama ba. Dole ka matse lokacin ya dawo shekara biyu ko uku, kuma tsofaffi ne za su matse maka, ko da yake ba za su ba ka lamba ba. Kada ka ce wa tsohuwa, a wace shekara? Ka ce, Kaka, lokacin wa ke sarauta? An yi wace yunwa? Kina goyon wa? Da na tambayi tawa kakar game da wani ƙanen mahaifinta da ya ɓace, cewa ta yi, "Wanga da kaka biɗa, ai yat tahi Kurmi bayan Muɗa, ina ɗiya ƙarama, bai komo ba." Wannan jimla ɗaya ta fi mini takarda goma, domin Muɗa yunwa ce da aka yi wajajen 1953 zuwa 1954. Irin waɗannan turaku suna da yawa. Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Satiru 1906. Yunwar Kakalaba 1913 zuwa 1914. Jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929. An naɗa Sarkin Musulmi Abubakar na Uku a 1938, ya rasu a 1988. An kashe Sardauna a Janairun 1966. Canjin hannu a tuƙi 1972, canjin kuɗi daga fam zuwa naira 1973, sai fari na 1973 zuwa 1974. 'Yan uwanmu na tsallaken iyaka kuma suna lissafi da El Buhari, yunwar 1984 zuwa 1985, lokacin da aka rufe boda. In ka sami turke biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, ka kama mutuminka a tsakani.

In takardar ta malamai ce, da shekarar Hijira za ka gan ta. Akwai lissafi mai sauƙi: ka ninka shekarar da 0.97, ka ƙara 622. Gwada da 1223, za ka sami 1808, shekarar Alƙalawa. Yana iya kaucewa da shekara ɗaya, don shekarun biyu ba rana ɗaya suke farawa ba. Kuma kada ka yi mamakin ganin saɓani ko a manyan littattafai. Bawa Jan Gwarzo, wasu sun ce ya yi sarauta daga 1777 zuwa 1795, wasu sun ce ya rasu wajajen 1790. Dalili shi ne jerin sarakunanmu na da ba ya ba da shekarar hawa da ta sauka, tsawon mulki kawai yake faɗa: wane ya yi shekara kaza, wane ya yi kaza. Haka Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu, ya jero sarakunan Gobir a Raudatul Afkar. Masu tarihi sai su kama shekara ɗaya tabbatacciya su yi ta ƙirgawa baya. In jeri biyu suka saɓa a kan sarki ɗaya, duk waɗanda suka gabace shi sun gusa. Shi ya sa in wani ya ba ka ranar haihuwar kakan kakansa har da wata, ka tambaye shi inda ya samo. Mu da muke yawo da takardar rantsuwar shekaru, rabin ajinmu an haife su ran 1 ga Janairu, ai mun san yadda ake yi.

To ina takardun suke? Jaridar da ta fi kusa da mu ita ce Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a Janairun 1939, Abubakar Imam ne editanta na farko. Daga baya aka sami Nigerian Citizen a 1948, ita ma daga Zariya, sai New Nigerian a Kaduna daga 1 ga Janairun 1966. A shekarun 1950 hukumar NORLA ta riƙa fitar da ƙananan jaridu na larduna, ta Lardin Sakkwato sunanta Zaruma. Gidan Arewa a Kaduna, wato tsohon gidan Sardauna, da Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa reshen Kaduna, su ne manyan wuraren da ake zuwa neman irin waɗannan. A nan kusa kuma akwai Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato, wadda ya kamata kowane ɗalibi daga jihar nan ya taka ƙafarsa ciki ko sau ɗaya kafin ya gama. A intanet akwai archivi.ng, masu ɗaukar hoton jaridun Nijeriya na bayan 1960 suna ɗorawa, sannan Laburaren Birtaniya yana da wani shiri na ceto takardun da ke neman lalacewa, wanda ya ɗora hotunan wasu fayilolin Kaduna kyauta.

Sai dai a ganina mutane suna ɗora wa jarida nauyin da ya fi ƙarfinta. Jarida tana ganin wanda aka naɗa, wanda aka tuɓe, wanda ya ci jarrabawa, wanda ya tsaya zaɓe, wanda ya rubuto wasiƙa ga edita, da wanda ya yi laifin da ya kai a buga. In kakanka malamin makaranta ne, ko malamin asibiti, ko ma'aikacin En'e, ko ɗan NEPU ko NPC mai baki, akwai fata. Shafin wasiƙu na Gaskiya musamman taska ne, don masu rubutowa suna sa sunansu da garinsu, wani lokaci da wurin aikinsu. Kada ka tsallake ƙananan sanarwa da ke gefe, nan ake samun canjin wurin aiki da sakamakon jarrabawa da ta'aziyya. Amma in manomi ne da bai taɓa shiga aji ba, da wuya ka ga sunansa. Abin da jarida za ta ba ka a kansa shi ne duniyar da ya rayu a ciki: farashin gyaɗa da auduga a shekarar da ya bar gida, ambaliya, fari, sanƙarau, ɗaukar soja. Wannan ma ba ƙaramin abu ba ne, don shi ke gaya maka dalilin tafiyar.

Talaka a wasu takardun yake ɓoye. A zamanin Turawa, Sabon Birni da Isa gundumomi ne a ƙarƙashin En'e ta Sakkwato, kuma fayilolin lardin a Kaduna suna ɗauke da alamar SOKPROF, na babban ofishin Arewa kuma SNP. A cikinsu akwai rahotannin ƙiyasin haraji, inda Bature zai zagaya gunduma ya rubuta tarihinta kamar yadda aka faɗa masa, ya zana bishiyar asalin uban ƙasa, ya jera ƙauyuka da masu riƙe da su, da yawan mutane da dabbobi da masu sana'a. In gidanku ya taɓa riƙe ƙauye ko unguwa, ko sarautar sana'a irin ta ƙira ko fawa, nan ne wurin dubawa. Ka dai tuna wanda ya ba Baturen labari: uban ƙasa ne da mutanensa, ta bakin tafinta. Reshen gidan da ba ya shiri da mai mulki a ranar yakan faɗo daga bishiyar. Littafin E. J. Arnett na 1920 a kan Lardin Sakkwato daga irin waɗannan rahotanni aka tsamo shi, da kyawunsu da aibinsu.

Takardar da na fi ganin darajarta kuwa ita ce ta alƙali. In an yi rabon gado a kotu, dole a lissafa magada, mata da 'ya'ya maza da mata, kowa da sunansa na yanka, domin shari'a ba ta san alkunya ba. Wannan ita ce kusan takarda ɗaya tilo da ke kama sunayen mata. Yawanci da Larabci ko ajami take, saboda haka ka tafi da wanda ya iya, ko ka koma wurin malaminka na allo da ka daɗe ba ka gaishe shi ba. A gida kuma ka nemi rasidin haraji da na jangali, da fasfo ɗin aikin hajji, da bangon Alƙur'ani ko na wani littafi, inda malamai kan rubuta ranar haihuwar 'ya'yansu da ranar rasuwar iyayensu.

Akwai waɗanda suka tafi ba su komo ba, kuma hanyoyinsu sanannu ne. Masu cin rani daga Lardin Sakkwato sun yi ta kwarara kudu, Kurmi da Gwanja, har wani masani, R. M. Prothero, ya yi nazari a kansu a shekarun 1950. Wanda ya zauna a zangon Kumasi zai iya komawa wane Sakkwato ko wane Bagobiri, kuma in ya dawo da iyali kwatsam a ƙarshen 1969, to korar baƙi ce da gwamnatin Busia ta yi a Ghana. Wasu gabas suka yi, a ƙasa, da niyyar hajji, suka zauna a Sudan, inda garin Mai Wurno yake tun bayan yaƙin Burmi na 1903. Wasu kuma soja. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙi a Bama tsakanin 1943 da 1945, shi ya sa har yau muke da barikin Chindit a Zariya da Dalet a Kaduna da Myohaung a Legas. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila, CWGC, tana da shafi a intanet inda kowa zai iya neman sunan wanda ya mutu, kuma allon tunawa na Rangoon da ke maƙabartar Taukkyan yana ɗauke da suna kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, da 'yan Nijeriya a ciki. Sai dai in ka shiga za ka ga matsalar da muka fara da ita: magatakardan soja sunan fari yake rubutawa ya liƙa masa gari ko ƙabila, sai ka tarar da suna ɗaya ya maimaitu. Abin da ke raba su lambar soja ce. Lambobin yabo na wancan yaƙin yawanci ba a zana suna a jikinsu ba, don haka in akwai tsohon soja a gidanku, ɗan littafin sallama ake nema, shi ke da lambar.

Sannan iyaka. Tsakanin 1906 da 1908 Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi suka kafa turakun da suka raba Gobir biyu, Tsibiri ta faɗa hannun Faransa, Sabon Birni hannun Ingila. Dangi ba su rabu ba, aure da kasuwa da zumunci suka ci gaba, amma takardu sun rabu. Rabin labarin gida ɗaya yana Kaduna da Turanci, rabi yana Yamai da Faransanci. Abin sha'awa, tafintan ayarin Tilho, Landeroin, ya zauna da dattawan garuruwan da suka bi ya rubuta tarihi da jerin sarakuna daga bakinsu, aka buga a cikin rahoton ayarin, kuma ana samunsa a intanet. Boubou Hama ma ya fitar da littafi a kan tarihin Gobir da Sakkwato a 1967. Duk da Faransanci suke. Muna da 'yan uwa daga Nijar da ke karatu tare da mu, a nemi ɗaya a saya masa shayi da burodi ya fassara. Wani zai ji tsoron a ce kakansa daga can ya fito, kada a kira shi ɗan Nijar ranar neman aiki. Ni dai a wurina amsar tana cikin lissafi: Alƙalawa ta girmi turakun nan da fiye da shekara ɗari.

Waƙa ma takarda ce, in ka iya sauraro. Ibrahim Narambaɗa na Tubali, makaɗin Sarkin Gobir Amadu na Isa, waƙoƙinsa cike suke da sunayen 'yan sarki da fadawa da alƙalai da garuruwa, kuma faya-fayensa suna nan a wayoyin mutane. Makaɗi ba ya ba da shekara, kuma aikinsa yabo ne da zambo, saboda haka ba a ɗaukar hukuncinsa a kan mutum. Amma in ya haɗa sunaye biyu a waƙa ɗaya, ka san sun yi zamani, in ya ce wane ɗan wane ne a gaban jama'ar da ta san su, da wuya ya yi ƙarya. Haka kirarin gida da maroƙa ke yi ranar suna ko ɗaurin aure, sau da yawa jerin kakanni ne aka sa wa kiɗa. Haka zanen fuska. Tsagen Gobirawa, shida a kunci ɗaya bakwai a ɗayan, in ka gan shi a tsohon hoto ya rage maka rabin aiki, kuma tsararmu kusan ba mai shi, saboda haka hotunan tsofaffi su ne shaidar da ta rage.

Ƙa'idar da nake bi ita ce ba na rubuta abu a matsayin tabbas sai ya zo ta hanya biyu da ba su san juna ba. Tsohuwa da ɗanta hanya ɗaya ce, don daga bakinta ya ji. Littafi uku da suka kwafi Arnett hanya ɗaya ce. Amma tsohuwa a Gangara da rijistar alƙali, ko waƙa da fayil ɗin Kaduna, wannan biyu ne. Abin da ya zo ta hanya ɗaya ina rubuta shi da fensir, da sunan wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa.

Akwai kuma abin da za ka iya tonowa wanda ba ka nema ba. Dokar Turawa ta ce duk yaron da aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, amma bauta ba ta haramta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936, kuma a tsakanin nan kotuna sun rubuta sunayen waɗanda suka fanshi kansu ko aka 'yanta su, da na iyayen gijinsu. Akwai shari'o'in bashi, da na saki, da na tuɓe masu sarauta. In ka ci karo da irin wannan a kan gidan wani, ba naka ba ne, kada ya hau Facebook, kada ya zama abin gori ranar da ake neman aure. In a kan gidanku ne, ka kai wa babba a gidan tukuna, a keɓe.

Wajen zama da tsofaffin kuma, kada ka je da takardar tambayoyi irin ta furojet kana karantowa, za su ɗauka ma'aikacin gwamnati ne ko mai rabon tallafi, su ba ka amsar da suke jin kana so. Ka je da goro, ka gaisa yadda ya kamata, ka nemi izini kafin ka kunna rikoda a waya. Ka fara da mata, gwaggo da inna da kaka, don su suka san wa ya auri wa, daga wane gari aka kawo ta, wa ya sha nonon wa. Sunan da ba za ta iya faɗa ba saboda alkunya, kada ka matsa mata, ka tambayi kishiyarta ko ƙanwar mijin. Ka ji kowa shi kaɗai, don in ka tara su wuri ɗaya mai ƙarfin murya ne zai cinye zancen. Duk takardar da aka fito maka da ita, ka ɗauki hotonta gaba da baya a cikin haske, ka mayar wa mai ita nan take, kada ka ce za ka kai gari a yi hoto ka dawo da ita. Daren ranar ka tura muryar da hotunan ga mutum biyu cikin dangi da ke zaune a garuruwa daban daban, ka sa wa kowane fayil sunan mai magana da garin da kwanan wata.